Kofin da Na Miƙa wa Tsoho a Shagon Anti

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, manya da ƙanana. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, ko da yake na san duk ɗan Arewan da ke zaune a Kuala Lumpur kafin ya kai layi na biyar ya gane ni, ba komai, su gane ɗin, dama sun riga sun gama da ni a bakinsu. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna, kar wani ya tsaya a inda ya ga an ambaci giya ya fara jero min wa'azi, sati biyu ke nan ina shan wa'azin nan safe da yamma har ya ishe ni.

Ni matar aure ce, malama a wata jami'a a gida, makarantarmu ce ta turo ni nan karatun digiri na uku shekara huɗu da suka wuce. Maigidana yana Najeriya kan aikinsa, sau ɗaya yake zuwa mana a shekara, ni da 'yarmu Hanifa muke zaune a unguwar Taman Melati. Ta zo tana shekara huɗu yanzu tana takwas, in ka yi mata Hausa da Turanci take ba ka amsa, in ranta ya ɓaci kuma da yaren Malay. Kwanan nan na kare aikina a gaban malamai, abin da muke cewa viva, Allah ya dafa min na haye da ɗan gyara kaɗan. To al'adarmu ce a nan mu 'yan Najeriya, duk wanda ya haye viva sai ya tara jama'a ya ciyar da su, 'yar walima ce, a ci a yi addu'a a ɗau hoto kowa ya kama gabansa. Wurin da zan yi wannan walimar shi ne yau yake neman ya ci min aure.

Bari in kwatanta muku unguwar don ku gane. Kusa da ƙofar makaranta akwai titi ɗaya. A hannun dama sababbin gidajen abinci ne na manyan kamfanoni, irin masu reshe a kowace unguwa, na soyayyar kaza, na baga, na shayi mai ƙanƙara, duk gilashi da esi, kowanne da takardar halal manne a ƙofa. A saman benen na kazar matanmu suke taruwa duk Asabar bayan la'asar, kuma can kowa yake yin walimarsa, ba doka ba ce amma haka aka saba. A hannun hagu kuma tsohon layin shaguna ne, a tsakiyarsu akwai wani kedai, wato shagon shayi da abinci, buɗaɗɗe ba ƙofa, fanka uku a silin, teburan ma sun girme ni. Mai shagon wata tsohuwar 'yar Sin ce da mijinta ya rasu, kowa Anti yake ce mata, ita ke haɗa shayi da kofi. Mai dafa abincin kuma wata Musulma ce 'yar Malay, da hijabinta da komai, Kak muke ce mata, kamar dai a ce Yaya.

Kuma ba zan ɓoye muku ba don ba munafurci na zo yi ba, ana sayar da giya a shagon. Akwai firji ɗaya a lungun baya, allon sunan shagon ma kamfanin giya ne ya yi musu, da tambarinsa a gefe. Wajen ƙarfe biyar na yamma wasu tsofaffi suna zuwa su sha kwalba ɗaiɗai suna karanta jarida. Ba kiɗa, ba 'yan mata, ba hayaniya, amma giya dai giya ce, na sani.

Shekarata ta farko ni ma a hannun dama nake zama kamar kowa. Sai dai wurin bai karɓe ni ba. Ba mutum za ka gaya wa abin da kake so ba, allo za ka danna, a kira ka da lamba. Soket ɗin bango duk sun toshe don kar ɗalibai su daɗe, in ka wuce awa ɗaya ma'aikaci zai zo yana goge tebur har ƙarƙashin gwiwar hannunka, ba ya ce ka tashi ba amma ka gane. Kazar ta tayar min da olsa, yarinyar nan kuma ta ƙi cin komai sai soyayyen dankali, ta rame har ina jin kunyar kiran babanta ta bidiyo. Wata rana mun taso ruwan saman nan na garin nan ya tsuge, muka ruga muka fake a shagon Anti. Kak ta kalle mu sharkaf, ba ta tambaye ni abin da zan saya ba, ta jawo kujera ta ce makan dulu, wato mu ci abinci tukuna, ta zubo wa yarinyar shinkafa da romon kifi. Ina kallo 'yata ta cinye tas ta miƙa kwano. Wallahi sai da na juya kai na share hawaye.

Ban zauna haka kawai ba, washegari na koma na titsiye Kak da tambayoyi. Ta kama hannuna ta kai ni baya ta nuna min, tukwanenta daban, kwanukanta duk koraye ne ba a haɗa su da na kowa, wurin wanke-wankenta daban, namanta daga mahauci Musulmi take saye, alade kuma tun zamanin mijin Anti ba a shiga da shi shagon saboda ma'aikatan jami'a 'yan Malay da ke karyawa a nan. Takarda ce dai ba su da ita, ba a ba shagon da ke da wancan firjin. Na ga da idona, hankalina ya kwanta, daga ranar na zama 'yar gida.

Rabin littafin digirina a teburin kusa da ginshiƙi na rubuta shi, don nan soket yake. Anti kan ɗora jarida da kofi a kai tun safe don kar wani ya zauna. Tun ina shekarar farko take kirana Dokta, in ce ban zama ba tukuna, ta ce boleh lah, wato zai yiwu, za ki zama. Motar makarantar 'yata a ƙofar shagon take sauke ta in ina lab, ta ci abinci ta yi aikin gida, Anti ce ta koya mata lissafin sau. Da zazzaɓin dengi ya kwantar da yarinyar kwana biyar a asibiti, kullum sai Kak ta aiko da romo, Anti kuma da ƙafarta ta zo da ruwan ganyen gwanda mai ɗaci a gora, ta zauna a bakin gadon ta ce in je in yi wanka in yi salla. Ban ce matanmu ba su yi komai ba, sun kira waya, wasu sun zo, Allah ya saka musu. Amma wanda ya riƙe min 'ya na samu na runtsa, tsohuwar nan ce.

Wata biyu da suka wuce Anti ta gaya min mai ginin ya ba wani kamfanin kofi shagon, ƙarshen watan nan za ta rufe, bayan shekara talatin da wani abu. Tana goge tebur take faɗa kamar labarin wani. A take na ce mata in Allah ya sa na haye, walimata a nan za a yi, in kawo mata mutanen ƙasarmu su cika shagon ko sau ɗaya kafin a rufe. Ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya bushe. Muka tsayar da Lahadin ƙarshe ta wata, wato Lahadin nan mai zuwa.

Yanzu ga abin da ya faru. A irin waɗannan shagunan ba a cewa tebur naka ne, in wuri ya cika duk wanda ya ga kujera zai ɗaga maka kai ya zauna, namiji ko mace, ba wanda yake kallon abin a bakin komai. Ranar Asabar, saura kwana uku viva, ina gyaran abin da zan gabatar, kaina ya ɗau zafi ban lura biyar ta wuce ba. Wani tsoho cikin masu jaridar nan, zai kai tamanin, hannunsa yana karkarwa saboda ciwo, ya zo ya zauna a gabana. Aka kawo masa kofinsa aka ajiye a bakin tebur dab da kwamfutata. Ya miƙo hannu yana ta rawa, kofin yana neman kifewa. Ni kuma yadda aka rene ni a gidanmu ba a zaune ana kallon babba yana fama da abu, kafin in yi tunani na ɗan miƙe, na ɗauka da hannu biyu, na rissina na sa masa a hannu, kamar yadda zan miƙa wa kakana. Hannuna ne ya riga hankalina. Sai da ya ce na gode warin ya bugi hancina, na gane abin da na ɗauka.

Na tattara kayana na wanke hannu na fita ina istigfari. Daga baya na kira malaminmu na Islamiyya a gida na tambaye shi, ya ce kuskure ne, ɗaukar ma ba ta halatta ba balle zaman, a tuba a kiyaye. Na karɓa, ban yi gardama ba, na tuba tsakanina da Ubangijina, na kuma ƙudurta ƙarfe huɗu ba za ta sake yi min a shagon ba. Ni a wurina magana ta ƙare a nan.

Ashe an ɗauke ni hoto. Kuma duk wanda ya ga hoton ya san daga ina aka ɗauka, daga sama ne, ta cikin gilashi, har inuwar tambarin gidan kazar ta fito a gefe. Ranar Asabar, bayan la'asar. Ku lissafa da kanku. Ga ni nan da hijabina, na rissina, ina miƙa wa namiji kofin giya da hannu biyu, ga kwalba a kan tebur. In ni aka nuna wa hoton wata a haka, wallahi ni ma sai na yi salati.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba a fito da shi ranar ba. An adana shi. Na yi viva, suka cika group ɗin matanmu da barka da addu'a, har da masu cewa na fitar da su kunya. Sai ranar da na tura gayyata na rubuta sunan shagon Anti, ko awa ɗaya ba a yi ba hoton ya faɗo. Wadda ta saka shi ita ce shugabarmu, bari in kira ta Maman Walid, ba sunanta ba ke nan. Matar wani babban malami ce, ta fi shekara goma a garin nan, ita ta tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, a gidanta na kwana sati guda, ina ganin girmanta sosai. Ta rubuta wai turo mata aka yi, kuma ta saka ne don nasiha, 'yan'uwa su san irin wurin da ake gayyatarsu.

Na kira ta. Da ladabi na fara, Allah ne shaidata, na ce Hajiya me ya sa ba ki kira ni ba, ai ni ƙanwarki ce. Ta ce abin da aka yi a bainar jama'a a bainar jama'a ake gyara shi. Na ba ta labarin yadda aka yi tun daga farko, ta ce ita ba ta ce na sha ba, amma mace mai aure da mijinta ba ya gari me ya kai ta zama a mashaya, ga wurare masu tsabta da takardar halal an buɗe mana. Ta ce dama an daɗe ana maganata, wai na fi son zama da arna da Kiristoci a kan 'yan'uwana, don ƙawata ta lab 'yar Filato ce. A nan ne haƙurina ya ƙare. Na ce ku kusan ashirin kuna saman bene kuna kallona, tsallaka titin nan minti biyu ne, ba wadda ta sauko ta ja hannuna ta ce ke tashi, sai waya aka samu damar ɗagawa. Na ce takardar da ke manne a ƙofar can ta kaza ce, ba ta halatta naman mutum da kuke ci a saman benen duk Asabar ba. Ta ce lallai boko ya yi min yawa, ta kashe wayar. Na san maganar ta yi zafi, kuma babba ce, amma har yanzu da nake rubutun nan ban ji nadamar ta ba.

Kwana biyu hoton ya isa gida. Ban san ta hannun wa ba, ya dai je wayar yayan maigidana, daga nan ya shiga group ɗin danginsu.

Ina so ku fahimci mijina, kar a zage shi a nan, ba zan ji daɗi ba. Lokacin da karatun nan ya fito kusan duk gidansu sun ƙi, shi kaɗai ya tsaya ya ce zan tafi. Shekara huɗu yana shan magana, ya saki mace ita kaɗai a ƙasar waje, yana haɗiyewa bai taɓa kawo min ba sai dai in ji a bakin wasu. Kuma ya san shagon nan. Duk zuwansa a can yake karyawa, shi da bakinsa ya ce gasasshen kifin Kak ya fi na ko'ina, Anti har tsokanarsa take wai ya yi ƙiba. Da ya kira ni bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Na gaya masa komai, na ba shi haƙuri, shi kam na ba shi har da kuka don shi na ja wa magana. Ya ce Maman Hanifa na yarda da ke, ko rantsuwa ba sai kin yi ba, na san hannunki, ko a nan gida haka kike yi wa tsofaffi. Amma ya ce yanzu maganar ta wuce gaskiya da ƙarya, Yaya ya kira shi gaban Hajiyarsu ya ajiye waya ya ce ga abin da muka gaya maka.

Sai ya gindaya min abu uku. In tura saƙon murya a group ɗin mata in ba da haƙuri, musamman Maman Walid. In mayar da walimar gidan kaza inda kowa yake yi, a ɗau hoto da matan a tura gida a ga an shirya. Na uku, kar in sake taka shagon nan. Ya ce in na taka ba da yawunsa ba, kuma in na yi, in na dawo Najeriya in san gidan da zan sauka. Shekararmu goma sha ɗaya da aure bai taɓa gaya min irin wannan ba.

Na farko na gaya masa a take ba zan yi ba. Ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan ba da haƙuri ga mutanen da suka ɓoye hotona kwana goma suna jiran ranar da zai fi yi min ciwo ba. Laifin da na yi wa Allah na kai wa Allah, ba Maman Walid ce za ta yafe min shi ba. Na biyu ma na ce ba zan hau benen nan in ciyar da su ba, in zauna ina murmushi ina tunanin wace ce a cikinsu ta ɗaga wayar, gara a ce ban yi walima ba har abada. Ya ce waɗannan biyun zai iya shanyewa, zai san abin da zai gaya wa Yaya. Amma na ukun yana nan daram.

Kuma na bi. Yau kwana goma sha ɗaya ban taka ba. Ta bayan layi nake zagayawa in zan je tashar jirgin ƙasa, kamar wadda ta yi sata. Na sa direban motar makaranta ya riƙa sauke yarinyar a ƙofar gidanmu, kullum sai ta tambaye ni me Anti ta yi mana, in ce ba komai, ta ce to me ya sa. Abincin rana a gidan bagar nake saye in tafi da shi lab, lamba ta arba'in da bakwai, lamba ta goma sha biyu, in karɓa in fita. Jiya na ga biyu daga cikin matanmu a can, suka amsa sallamata a ciki-ciki, ɗaya ta ja 'yarta gefe. Ko a jikina, su ja.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru da safiyar yau. Na fito raka yarinya mota, sai ga Kak a tsaye a ƙofar gininmu da leda a hannu. Ashe direban ta tambaya inda muke. Ta ce adik, wato ƙanwata, lafiya, ko jikin yarinyar ne? Na ce gyaran littafi ne ya riƙe ni. Ƙarya na yi mata, ban iya kallon idonta ba. Su ba su san komai ba, ba su san an ɗau hoto ba, ba su san ana kiran shagonsu mashaya a wata ƙasa da ba su taɓa zuwa ba.

Sai ta hau ba ni labari tana murna. Wai tun satin da ya wuce Anti ta kira kamfanin suka zo suka ɗauke firjin giyar gaba ɗaya, tsofaffin jarida suna ta mita, ta ce musu baƙin Dokta Musulmi ne, ba za su zo su tarar da wannan a shagonta ba, wanda ba zai sha shayi ba ya tafi wani wuri. Ni ban roƙe ta ba, wallahi ko da wasa ban taɓa ɗaga mata maganar ba. Ta sa surukinta ya hau tsani ya rufe tambarin da ke jikin allon da farin ƙyalle. Ta share ɗakin ajiyar baya, ta tambayi Kak ina ne alƙibla, ta ce ko wani zai so yin salla. Kak kuma ta hau mota har kasuwar Chow Kit, ta nemo shagon 'yan Afirka ta sayo attaruhu da busasshiyar kuɓewa, sau biyu tana gwada dafa-dukar da na taɓa koya mata, ita ce a ledar ta kawo in ɗanɗana in gaya mata ko gishiri ya ji. Na karɓa.

Daga nan ta ce Anti ce ta aiko ta, kujerun shagon talatin ne, ni kuma na ce mata mutum sittin za su zo, to za ta aro sauran a wurin maƙwabta, tana so ta tabbatar nawa za ta karɓo. Mutum sittin. Yanzu in na ƙirga waɗanda za su zo, ƙawata 'yar Filato da mijinta, 'yan lab ɗinmu biyu 'yan Indonesiya, malamar da ta duba aikina, sai 'yata. Cikin matanmu mutum ɗaya ce ta turo min saƙo a ɓoye, ta ce ta san an zalunce ni kuma tana so ta zo, amma maigidanta ya hana, in goge saƙon in na karanta. Na ce wa Kak ta ba ni zuwa gobe.

Na sake kiran maigidana na gaya masa an fitar da firjin, babu ko kwalba ɗaya a shagon, abin da ake gudu ya kau. Na san abin ya taɓa shi. Sannan ya ce Allah ya saka wa tsohuwar da alheri, amma Yaya ba firji yake gani ba, sunan shagon ya riƙe, in aka sake ganina a ciki shi ke nan an tabbatar bai isa da gidansa ba. Ya ce in aika mata da kyauta mai kyau, in ce ba ni da lafiya. Na ce wato in sake yi mata ƙarya. Ya ce maganarsa tana nan yadda ya faɗe ta.

Wata ta ba ni dabara wai in sa a jera teburan a waje bakin titi, in tsaya a nan, ai ban taka shagon ba. Ba zan yi wa mijina wannan wayon ba, ya fi ƙarfin haka a wurina. In zan je zan gaya masa zan je. Ina son aurena, ina son mutumin nan, ban yi shekara huɗu ina wahala don in koma gida da digiri a hannu ɗaya da takardar saki a ɗaya ba, kuma na san nauyin fita ba da yawun miji ba, ba sai an karanto min ba. Amma ku ma ku gaya min, tsohuwar da ba ta salla ta nemo min alƙibla, masu salla sun ɗauke ni hoto, kuma ni ake so in juya wa tsohuwar baya don ran masu hoton ya yi sanyi? Ranar Litinin za a fara kwashe kayan shagon, Anti za ta koma wurin 'yarta a wani gari, babu wata Lahadin bayan wannan.

Ba na neman wanda zai ce min in je in durƙusa wa Maman Walid, wannan na rufe shi, kar ku ɓata yatsunku. Abin da nake tambaya ɗaya ne. Gobe da safe Kak za ta zo ƙofar gidanmu jin amsa. In ce mata mutum shida ne kawai, kujerun shagon sun isa, in je in zauna da su ba da yawun mijina ba, in jira abin da zai biyo baya? Ko in ce kar a aro ko ɗaya, Dokta ba za ta zo ba? Matan aure da suka daɗe a cikinsa, da mazan da ke gidan nan, don girman Allah ku gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, akwai wata hanyar da zan bi da mijina kafin Lahadi wadda ban gani ba? Wanda kuma ya ga in fasa, na ji, amma ya haɗa min da kalmomin da zan gaya wa tsohuwar nan, don ni tun safe nake nema ban samu ba.